Yatsun Auta

Da hantsi ne, hadari ya haɗu tun asuba amma ruwan ya ƙi sauka. Irin ranar da mu masu wanki ba ma ƙauna ke nan: shanya ba ta bushewa, kai kuma ba ka da hujjar kwashe ta. Ina tsaye a teburin guga ina bin doguwar rigar Auta a hankali, don ranar ce za ta je ma'aikatar ilimi ta jiha. Na ƙudurta a raina ko 'yar wane ce a layin, ba za ta fi ƙanwata karin guga ba.

Shagonmu ɗaki ɗaya ne a bakin titi, teburin guga a gaba, kantar kayan mutane a jikin bango. Ta baya akwai ɗan fili mai daɓen siminti, nan bahuna suke da igiyoyin shanya. Tun da Baba ya rasu aikin ya rabu da kansa. Ni guga, don daga firamare na tsaya kuma hannuna ya saba da dutsen guga. Inna da Auta wanki. Kawu, ƙanin Inna, shi ke karɓo kaya gida-gida a babur ɗinsa ya mayar, ya haɗa wa mutane da surutu kyauta.

Auta ta gama sakandare da sakamakon da sai da malamanta suka tako har shago suka yi mana barka. Daga nan ta shiga baho. Shekara ta zagayo, wata ma ta zagayo, tana wanki tana karatu. Littafin takan sa shi cikin farar leda ta jingina a kan bokitin da ta kife, hannu na cuɗa kwalar riga, ido na kan shafi. Bana ta sake rubuta jarrabawa, jami'ar jiha ta ba ta gurbin karatun harhaɗa magunguna.

Kuɗin jami'a ba na irinmu ba ne, wannan ko ba a faɗa ba. Amma gwamnatin jiha ta fito da tsari: 'ya'yan marasa ƙarfi da suka ci jarrabawa, ita za ta ɗauki nauyinsu, har wurin kwana. Sai dai akwai iyakar shekarun da mutum zai yi bayan gama sakandare, Auta kuwa bana ce ta ƙarshe gare ta. Sannan dole kowa ya je da ƙafarsa a ɗauki zanen yatsansa. An ce a da wasu ke cusa sunayen da babu masu su, su cinye tallafin, shi ya sa aka kawo na'ura. Da muka ji haka har daɗi muka ji. Kawu ya ce, "Yauwa! Na'ura ba ta san ɗan wane ba."

Ni na raka ta. Ofishin dogon ɗaki ne mai fanka ɗaya da ke juyi kamar ba ta so. A ƙarshen ɗakin wata mata mai tabarau tana zaune gaban kwamfuta, kusa da ita wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanka ba, da gilashi a samansa. Ka ɗora yatsa, in ya nuna kore ka wuce, shi ke nan ka zama ɗan jami'a. Muna kallo yara na ɗorawa suna wucewa kamar wasa.

Auta ta ɗora babban yatsanta. Ja.

"Sake," in ji matar.

Ja. Ta ce a kawo na hagu. Ja. Haka suka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, har ƙaramin. Matar ta goge gilashin da gefen mayafinta, aka sake bi. Na baya suka fara tsaki.

Matar ta kama hannun Auta ta juya shi. Ni kullum ina ganin hannun nan, amma sai ranar na dube shi. Fatar yatsun ta yi fari-fari tana saɓulewa, ga tsaga nan da can, wasu sun warke wasu ba su warke ba.

"Wace sana'a kike yi, 'yata?"

"Wanki."

"Da bilic?"

"Da shi, Hajiya. Fararen kaya ba sa fita in babu shi."

Matar ta yi ajiyar zuciya. "Hannun nan ya sha wuya, na'ura ba ta ganin komai. Ki je ki hutar da shi, kada ki ƙara taɓa ruwan sabulu. Sai ƙarshen wata mai kamawa za mu rufe. Ki dawo kafin nan, in Allah ya yarda zai gyaru."

Muna fitowa ruwan ya kece. Muka raɓe a ƙarƙashin rumfar wani mai faci har ya tsagaita. Auta tana ta kallon tafin hannunta kamar na aro.

A gida Inna ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta ce, "Kawo hannun." Ta shafa yatsun da nata, ta gyaɗa kai irin na wanda ya gano ciwo.

"Kaushi ne. Matacciyar fata ce ta rufe zanen. Ina na'ura za ta gani ta cikin wannan ɓawon?"

"Inna, cewa ta yi a hutar da shi kawai," in ji Auta.

"Za a hutar. Amma ki gaya mini, rigar da aka dawo mana da ita aka ce ba ta fita ba, ajiye ta muke yi ta huta?"

Kawu ya ce, "A'a, ƙara dirza ta ake yi."

"To."

Auta ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi Inna, ta fasa. Ni ma maganar ta shige ni. A sana'armu abin da aka ƙi karɓa, ko bai fita ba ne ko bai kwanta ba, kuma duka biyun mun san maganinsu. Ga shi kuma tun da aka fara zancen jami'ar nan Inna ba ta da abin da za ta sa a ciki. Ba ta iya cike takarda ba, ba ta san hanyar ma'aikata ba. Sai yau aka zo kan abin da ta iya.

Daga ranar Auta ta zama sarauniya. Ba wanki, ba wanke-wanke, ko tsintsiya Inna ba ta bari ta ɗauka. Ni na koma baho da safe tare da Inna, da la'asar in hura gawayi in hau guga. Kawu in ya shigo da ƙullin kaya sai ya durƙusa a gaban Auta.

"Ranki ya daɗe, Hajiya Hannu. An tashi lafiya? Ya yatsun? Ya ƙaramin, ya kwana da sauƙi?"

"Kawu, ka bari mana."

"Ina zan bari? Gidan nan kaf yanzu yatsunki muke yi wa aiki. Ni da na yi shekaru ina riƙe kan babur, wa ya taɓa tambayar nawa?"

"Naka ai ko na'urar ta gani sai ta nemi tsari," in ji Inna daga bakin baho.

Kullum bayan magariba Inna za ta ɗumama ruwa a ƙaramar roba, ta zaunar da Auta a kan tabarma, ta jiƙa hannun har fatar ta yi laushi. Sai ta ɗauko dutsen goge kaushi, sabo ta saya musamman, ta bi yatsun ɗaya-ɗaya. A hankali take yi, ba irin dirzar da take yi wa wandon makanike ba. In ta gama ta shafe su da mai, ta naɗe da tsohon kallabinta. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, rabi addu'a rabi hira: yadda Auta za ta sa farar riga, yadda ita Inna za ta wanke rigar da hannunta ba za ta ba kowa ba.

Kwanakin farko Auta ta ce mini, "Yaya, anya kuwa? Zanen nan fa a fata yake. In ana goge fatar..."

Na ce, "To duba mana." Muka duba a hasken ƙofa. Ɓawon ya tafi, tsagar ta rufe, yatsun sun yi ja-ja kamar na jariri. Wa zai ga wannan ya ce ba gyaruwa yake yi ba? Ita ma ta yi murmushi ta ce wataƙila Inna ce da gaskiya.

Zaman ya fi wankin yi mata wuya. Mutumin da ya saba tashi da baho, a ce ya zauna ya zuba ido. Takan zo ta tsaya a kaina ina wanki tana ba ni umarni.

"Ba haka ake kwala ba, Yaya. Ninka ta biyu. Kai wannan ai shafa ta kake yi, lallashinta kake?"

"Ke dai je ki zauna, Likita."

"Ba likita ba ce, sau nawa zan gaya maka? Mai haɗa magani."

"Duk ɗaya ne, in na yi ciwo wurinki zan zo."

Nawa hannun ya fara saɓulewa. Da la'asar in na kama dutsen guga sai in ji zafin ya ratsa har ƙashi. Ban faɗa wa kowa ba. Kaya suka fara yin latti, wasu gidajen suka daina ba Kawu wanki. Shi ma bai faɗa ba, ni dai na ga ƙullin da yake saukewa yana ƙanƙancewa. Kowa a gidan ya riƙe nasa, muna jiran ƙarshen wata.

Auta ta so mu koma da wuri mu gwada. Inna ta ce a'a, a bar hannun ya gama nuna, kada a je a sake jin kunya a banza. Sai ranar rufewa muka koma, ni da ita da Kawu, wanda ya ce yau ko kayan gwamna ne su jira shi.

Rana ta take sosai. Layin bai kai na farko ba, amma a bakin ƙofa an ajiye wani dogon benci da babu shi a da, mutane zaune a kai sun yi jugum. Mai gadi ya dubi takardar Auta ya ce, "Dawowa ce? To in ta ƙi, ga bencinku can. Na marasa yatsa."

"Marasa yatsa kamar yaya?" in ji Kawu. "Ga yatsu goma reras, ka taɓa ganin masu kyansu?"

"Baba, duk na bencin nan goma-goma gare su."

Na dube su. Wani saurayi mai faɗin kafaɗa, siminti ya ci hannunsa, da gani bulo yake bugawa. Wata yarinya da yatsunta suka rine da baƙi. Wani siriri mai tabon ƙuna a tafin hannu, ya ce a gidan burodi yake. Kowa da takardarsa ta shiga jami'a cikin leda, a kan cinya.

Matar mai tabarau ta gane mu. "'Yar wanki! Kin huta?"

"Na huta, Hajiya."

"Madalla. Bismillah."

Auta ta warware kallabin, don har cikin mota da shi ta zo. Ta ɗora yatsa.

Ja.

Matar ta ce, "Kada ki danna da ƙarfi. Goga shi a goshinki tukuna, ya ɗan sami maiƙo. Yauwa. Hura masa iska. Kwantar da shi ta gefe, ki mirgina a hankali."

Ja. Suka bi goman. Ba wanda ya yi tsaki wannan karon, ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

Matar ta jawo hannun kusa da tabaraunta, ta karkata shi wajen taga. Ta daɗe tana dubawa.

"Me kuka yi wa hannun nan?"

Sai Kawu ya ce, da 'yar muryar alfahari da ta rage masa, "Gyara shi aka yi, Hajiya. Kullum sai an jiƙa an bi shi da dutse."

"Da dutse." Ta cire tabaraun ta ajiye. "Bawan Allah, zanen da ke ƙoƙarin tsirowa shi kuke gogewa kullum. Da kun bar shi kawai, da yanzu ko rabi ya fito. Dubi nan. Sumul, kamar bayan cokali."

Auta ba ta motsa ba, hannunta na nan a cikin na matar.

Kawu ya ce, "To a ɗauki na ƙafa mana. Wallahi ba a taɓa na ƙafa ba." Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta mutu a hanya.

"Hajiya," na ce, "ko za a ɗauki nawa? Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ni ba na neman komai a wurin gwamnati, ba zan taɓa zuwa in ce nawa ne ba."

Ta dube ni, ba da faɗa ba. "Ɗana, abin da aka kawo na'urar ta hana ke nan."

"Ga takardunta, ga hotonta, ga ta a tsaye. Malamanta ma za su zo su yi shaida."

"Na sani. Wallahi na sani." Ta miƙe. "Ku jira ni."

Ta shiga wata ƙofa a bayanta. Muna jiyo muryarta sama-sama, da ta wani namiji da ba ya ɗaga tasa. Ta jima. Da ta fito ba ta dube mu ba sai da ta zauna.

"Na gaya wa Darakta, ba yau na fara ba. Tun makon farko na rubuta cewa yaran da ke aikin hannu na'ura ba ta karɓarsu, kuma su ne aka yi tsarin dominsu. Ya ce ya tura sama, ba a ba da amsa ba. Ya ce in ya buɗe ƙofa ga mutum ɗaya ba tare da yatsa ba, gobe masu kawo sunayen bogi ta nan za su shigo, kuma shi za a kama. In an tashi aiki yau kwamfutar rufe kanta za ta yi, ba ni ke rufewa ba."

"Baɗi fa?" in ji Kawu.

Auta ce ta amsa masa. "Baɗi na wuce shekarun, Kawu."

Matar ta ce mu zauna a benci, kafin a tashi za ta sake kiran kowa a gwada sau ɗaya. Muka zauna. Mai bulo ya matsa mana. Kawu ya ce bari ya je ya duba babur ɗinsa, alhali a gida ya bar shi. Ya fita, ina hango shi ta taga ya tsaya a gindin wata bishiya ya juya wa ofishin baya.

Ni ba mai iya magana ba ne ko a ranar daɗi. Na ce, "Ko za mu nemi wani babba ya sa baki?"

"Wa muka sani, Yaya?"

Gaskiya manyan da muka sani rigunansu kawai muka sani.

Can ta ce, "Kada ka gaya wa Inna zancen dutsen. Ka ja wa Kawu kunne shi ma. Ku ce bilic ne ya riga ya cinye, ba ya dawowa."

"To."

"Ka rantse."

Na rantse. Ta ninke kallabin Inna ta sa a jaka.

Da la'asar aka sake kiran 'yan benci. Mai bulo ja. Mai burodi ja. Yarinyar mai baƙin yatsu ta ɗora, ja, ta fashe da kuka, mai gadi ya fita da ita. Auta ta yi duk abin da aka koya mata, goshi, iska, mirginawa. Na zuba wa ɗan akwatin ido har idona ya yi ruwa. Ja.

"Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, 'yata," in ji matar.

Auta ta ce amin. Ta ɗauki takardarta ta jami'a ta mayar cikin leda, ta gyara bakin ledar da kyau kamar gobe za a nema.

Mun juya za mu fita sai ga wata yarinya ta shigo a guje, tana haki, mahaifinta na biye da ita da hula a hannu. Daga nesa suka taso, motarsu ta lalace a hanya. Matar ta dubi agogon bango ta ce maza. Yarinyar ta danna yatsa da ƙarfi. Ja. Ta sake dannawa. Ja. Matar na can tana amsa kiran Darakta ta ƙofa, uban kuma sai salati yake yi.

Auta ta miƙo mini ledarta. Ta koma ta kama hannun yarinyar, ta goga mata yatsan a goshi, ta ce, "Hura." Yarinyar ta hura. Auta ta kwantar da yatsan ta gefe a kan gilashin, ta ɗora nata mai sumul a kai, ta mirgina shi a hankali.

Kore.

Yarinyar ta yi ƙara ta fizge hannunta, ta ruga ta rungume mahaifinta. Matar ta dawo tana tambayar suna, uban yana faɗa yana maimaitawa, su duka sun duƙufa a kan kwamfuta. Auta ta karɓi ledarta a hannuna, muka fita neman Kawu.